Akwatin da Ya Ce Ban Sha Magani Ba

Zuwa ga angona mara cefane,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka masu leƙen cikin ƙarfe da tabarau. Ni dai alhamdulillahi. Gwiwa ce kawai take neman raba gari da ni, na ce mata tare muka zo, tare za mu koma.

Na ɗauki biro ne don waya ba ta yi mini. Kai kana magana kamar ana bin ka da sanda, ni kuma kunnena ya yi ritaya. Maƙwabcinmu direban motar kaya zai miƙa maka wannan, ka ba shi amsa ya dawo da ita. Ka yi rubutu manya-manya.

Maganar akwatin maganin nan ne da ka ƙera mini. Ban rena shi ba. Safe da yamma yana kuka a kan lokaci, in ɗaga murfi in ɗauki ƙwayar hawan jini, ya yi shiru. Ko kakanka, Allah ya jiƙansa, bai kula da ni haka ba, balle kai. Matar nan da ke haya a ɗakin waje, Tela, ita take zuba mini ƙwayoyin a gurabensu duk mako.

To amma akwatin naka ya ci amanata. Ka ce duk ɗaga murfin da na yi yana rubutawa a cikinsa, in ubanka ya zo ya danna ya gani. Ubanka ya zo ranar hutunsa, ya danna, akwatin ya nuna masa fili fetal, wai ba wanda ya taɓa shi. Ya sake zuwa, haka. Da ya zo na baya-bayan nan sai ya cire tabarau yana gogewa, ka san in ya yi haka magana tana tafe. Ya ce akwai ɗaki a benensu da ba kowa a ciki, ga likita kusa, ga uwarka a gida. Na ce ni ma akwai ɗaki a gidana, ga ni a ciki. Sai ya ce, "Inna, idan mantuwa ta fara ba abin kunya ba ne." Na ce ban ji ba. Ya maimaita, na ƙara cewa ban ji ba. A irin nan kurumta take da rana.

Ni ba zan hau benen nan ba. Wanda aka kai sama da gwiwa irin tawa, daga gado sai talabijin, sai ranar da aka sauko da shi a kwance. A nan ina share tsakar gidana, ina faɗa da tsuntsayen da ke cin lemona, duk mai wucewa yana leƙowa mu taɓa hira.

Ga abin da ya hana ni sakat. Duk lokacin da na cusa filogin akwatin a bango, kafin agogo ya fito, sai wani rubutu ya zubo a gilashinsa, ƙanana-ƙanana, suna gudu sama kamar an taɓa ramin tururuwa. Duka farare ne, sai layi ɗaya rawaya. Turancina bai wuce na karanta kwalin sabulu ba, kafin in haɗa baƙi biyu ya wuce. Wa yake yi wa magana? In ni ce, me ya sa yake gudu? In ba ni ba ce, wane ne a ɗakin nawa da ban san da shi ba?

Ka huta lafiya, Allah ya yi maka albarka.

Kakarka, wadda take jiran zanen da ka yi mata alkawari tun kana rarrafe.

*

Zuwa ga uwargida ran gida, amaryar da ba ta tsufa,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida gwiwa. Na buga wannan da manyan baƙaƙe, in kin ce ba ki gani ba to rigima kike nema.

Kaka, ba kowa a ɗakinki. Rubutun nan ba ke yake yi wa magana ba, mu maƙera yake yi wa. A cikin akwatin akwai babbar manhaja da muke kira kenel. Ita take fara farkawa in wuta ta shiga, ta zagaya ta duba kowa: agogo yana nan, gilashi yana nan, ma'ajiya tana nan. Abin da kike gani rahoton zagayen ne. Ja shi ne matsala, rawaya kuwa gargaɗi ne kawai. Ita kenel ba ta rabo da mita, kamar wata tsohuwa da na sani. A shagonmu ba mai tsayawa karanta rawaya, in ka ce za ka bi kowanne ba za ka tashi aiki ba. Akwatunan da muke sayarwa ma muna rufe rubutun da hoto. Naki na gwaji ne, shi ya sa yake tsirara.

Kafin in kawo miki shi ya daɗe a kan teburina, ina buɗewa ina rufewa, bai ɓatar da ko ɗaya ba. Ba zan ɓoye miki ba, Baba ya kira ni, kuma hankalinsa a tashe yake. Kin tabbata daga akwatin kike ɗauka, ba daga kwalbar da ke wurin Tela ba? Kada ki yi fushi da tambayar. In ma kin yi, ki huce kafin in zo, ba ni da kuɗin biko.

Zane yana hanya, jirgin ne ya yi faci.

Jikanki, angonki na har abada.

*

Zuwa ga maƙerin da ba ya sauraron ƙirarsa,

Na gaishe ka, gaisuwar da ba ta kai ta wancan karon ba. Saƙonka ya iso, direba ya kawo shi da maiƙo a gefe.

Wato ku kuka ƙera abu, kuka ba shi baki, ya buɗe bakin kuka ce mita yake. Ashe ba a kan tsofaffi kaɗai kuke wannan hali ba. Ni dai ina son in ji me take cewa, wannan kenel ɗin. Mace ce ma ashe, shi ya sa.

Na tono madubin nan na kakanka mai ƙara girman rubutu. Na zauna a bakin gado, in cire filogi, in mayar, in kafa ido. Karon farko na kama baƙi uku. Na biyu na kama wasu lambobi masu sifili da yawa. Ina rubutawa a bayan kwalin ashana, ina cirewa, ina mayarwa, har na fara jin daɗin abin, kamar kamun fara. Ban san Tela ta shigo ba. Na ɗago na gan ta a bakin ƙofa, tef a wuya, ta riƙe baki. Ta ce, "Mama, lafiya kuwa?" da wata murya mai taushi, irin wadda ake yi wa jariri da wanda aka fid da rai da shi. Na ce mata karatu nake, in tana da ilimi ta matso. Turancinta ya fi nawa da kaɗan, amma ita ma gudun ya fi ƙarfinta. Daga ƙarshe ta ɗauki abin da wayarta, hoto mai motsi, ta ce za ta tura maka. Ka tsayar da shi ka karanta mini layin nan daga farko har ƙarshe, ka juya shi da Hausa. Ko zagina take yi ina so in sani.

Ka tambaye ni ko na tabbata. Na ajiye takardarka na yi dariya, daga baya dariyar ta tsaya. Wanda ya yi mantuwa ai bai san ya yi ba, in ya sani ba mantuwa ba ce. Shekaranjiya na shiga kicin na tsaya kamar baƙuwa, ban san abin da ya kai ni ba. Da can in haka ta faru tsaki nake ja in fita. Yanzu sai na tsaya ina tuna maganar ubanka. Tela ta ce guraben akwatin suna wayewa babu komai, wato ana ɗauka. To wa zan gaskata, Tela ko ƙarfe? Ubanka ya riga ya zaɓa.

Kuma kada ya ce ba na girmama akwatin. Duk ranar da zai zo, tun da safe nake ɗauko shi daga gefen gadona, in goge shi tas, in kai shi falo in ɗora a kan teburin tsakiya bisa farin ƙyalle, in sa masa wuta a can. Ina yi ne don ya ga ina ji da shi. Ina kuma yi don kada ya shiga ɗakina ya ga sandar bayan ƙofa da nake dogarawa, wadda na ce masa ba na bukata. Wannan kada ya wuce kunnenka.

Ya ce ƙarshen wata zai turo a duba abin da za a ɗauka da abin da za a bari. Na ce a fara da shi kansa.

Ka yi sauri da amsa. Allah ya tsare.

Kakarka, da ranta a ɓace amma da sauran wasa.

*

Kaka,

Gaisuwa a tsaye, don direba yana jira yana danna mini oda.

Na tsayar da hoton Tela na karanta. Ba zagi ba ne. Ga abin da kenel take cewa, da Hausa: "Ɗakin ajiyar nan iyakarsa ba ta faɗa a kan gaɓar gogewa ba. Na kulle shi. A karanta, ban da rubutu."

Bari in warware. A cikin akwatin akwai wata 'yar ƙwaƙwalwar ajiya, ba ta kai farcenki ba, muna ce mata filash. Ita ce take riƙe abu ko an ɗauke wuta. Halinta shi ne ba a goge mata baƙi ɗaya. In za a goge, sai a goge fili guda cur. Ki ɗauka ƙasan ɗaki ne mai tayil, kuma doka ita ce ba a ɓamɓare rabin tayil, sai dukansa. Ni na raba filash ɗin ɗaki-ɗaki: nan manhaja, nan lokutan kuka, nan rubutun ɗaga murfi. Dole kowane bango ya tsaya a kan layin da ke tsakanin tayil da tayil. In ya tsaya a tsakiyar tayil, ranar da aka zo ɓamɓarewa za a tafi da ƙasan maƙwabci.

Lokacin da na zana rabon, da wata filash mai ƙananan tayil na auna. Da na zo haɗa naki, mai sayar mana da kaya ya ce waccan ta ƙare, ya ba ni wata, kamarsu ɗaya, ƙafafunsu ɗaya, amma tayil ɗinta manya. Na manna ta ban sake awo ba. Bangon ɗakin rubutu ya faɗa a tsakiyar tayil, kenel ta gani ta sa kwaɗo don kada a yi ɓarna.

Da akwatin ya rasa inda zai rubuta, sai ya riƙa riƙe lissafin a ka. Abin da aka riƙe a ka kuwa, da an cire wuta ya tafi. A teburina ba a taɓa cire shi ba, shi ya sa ban gani ba. Ke kuma duk ranar da Baba zai zo kina cire shi ki kai falo. Da hannunki kike share shaidarki, ki ɗora ta a kan farin ƙyalle. Na yi dariya har maigidan shagonmu ya leƙo, da na faɗa masa dalili shi bai yi dariya ba, ya ce a sauke duk na kan kanta a duba.

Na kira Baba na gaya masa laifin nawa ne. Ban ambaci sanda ba. Gyaran ba wuya, zan sake zana bangon in zo da igiyar kwamfuta in zuba masa sabon tsari. Kafin nan ki bar shi a inda yake, kada ki cire.

Ki yafe mini tambayar da na yi miki.

Jikanki.

*

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Maiɗakina da yara suna gaishe ki.

Na zaɓi in rubuto ne saboda na lura magana ta baki ba ta isa gare ki a wasu lokuta.

Yaron nan ya yi mini bayanin kuskuren da ke cikin na'urar. Na fahimta, kuma ina neman afuwa bisa hukuncin da na yanke da gaggawa. Na dakatar da mutanen da na ce za su zo ƙarshen wata.

Sai dai, Inna, ina so ki dubi abin ta wajena. Na'urar ba ta ce kin sha ba, ba ta ce ba ki sha ba. Ba ta ce komai ba. Likita kuwa ya ce awonki na ƙarshe ya hau fiye da yadda ya kamata ga mai shan magani kullum. Idan waya ta yi ƙara ina wurin aiki, gabana faɗuwa yake yi kafin in duba mai kira.

Ga abin da na yanke. Idan an gyara na'urar, za mu ba ta lokaci. In ta nuna ana buɗewa safe da yamma, ba zan sake tayar da maganar ƙaura ba, na yi alkawari. In ta nuna akasin haka, ina roƙon ki yarda ki dawo wurinmu ba tare da jayayya ba.

Allah ya bar mana ke.

Ɗanki mai biyayya.

*

Zuwa ga angona, magini mai bango a karkace,

Gaisuwa cikakkiya wannan karon, har da ƙari. Na yafe, amma zanen ya zama biyu.

Takardarka na karanta ta ni kaɗai, na karanta wa Tela, na karanta wa direba, har mai kawo ruwa sai da ya ji rabonsa. Ashe kenel baiwar Allah kullum tana faɗa, ba mai ji. Na ji ta shiga raina. Abin tayil ɗin nan kuwa ya tsaya mini, na ɗauki sandata na zagaya gidan ina duba gindin bango. Ka san bangon da kakanka ya sa aka yi tsakanin kicin da sito? A tsakiyar tayil ya tsaya, tun daga farko har ƙarshe. Ashe gado ka yi. Ina da tambaya: ita kenel ɗin, da ta kulle ɗakin, ta san abin da ke cikinsa yana da amfani, ko dai iyakar kawai take tsaro? Kuma in ba wanda ya taɓa karanta layin, haka za ta yi ta faɗa har akwatin ya mutu?

Ubanka ya rubuto mini takarda kamar zai nemi aiki a wurina. Ya ce in akwatin ya shaide ni, an bar ni a gidana. Na kwana da murna.

Yanzu matso da kunnenka. Jiya na kwaso kayan wanki, ina zazzage aljihun doguwar rigar nan da nake zaman gida da ita. Sai ga ƙwaya ta faɗo. Na sa hannu, ga wata, ga wata. Na duba ɗaya rigar, wadda aka riga aka wanke, na tarar da farin gari ya daskare a kusurwar aljihu. Na zauna a kan bokiti na daɗe.

Ina jin na san yadda ake yi. Akwati ya yi kuka, in ɗaga murfi, in ɗauka. Ruwa yana kicin. In jefa ƙwayar a aljihu don hannuna yana kan sanda. A hanya in ga tsuntsu a kan lemo, ko wani ya yi sallama. Na ce ina jin na sani, amma ko sau ɗaya ban tuna na yi ba. Abin da na tuna shi ne kullum ina sha.

To faɗa mini, kai masani. In ka gyara akwatin, zai iya gane ko na haɗiye? Ko iyakarsa murfi?

Ban gaya wa kowa ba, ko Tela.

Kakarka.

*

Kakata,

Ina gaishe ki. Na karanta, na sake karantawa, yau ban iya wasa ba.

Iyakarsa murfi. An ɗaga, an mayar, ga lokaci. Abin da ya faru tsakanin hannunki da bakinki ba shi da ido a wurin, kuma ban san yadda zan sa masa ba. Kenel ma da kika tambaya, iyakar kawai take tsaro, ba ta san me ke ciki ba.

Wato in na gyara shi, zai shaide ki tsaf. Baba zai danna ya ga layi a cike, safe da yamma, ya cika alkawarinsa. Ba wanda zai yi ƙarya, ni ko ke ko akwatin.

Zan zo ranar hutu da igiyata. Zan kawo miki gorar ruwa mai murfi ki ajiye a gefen akwatin, kada ki sake tashi neman ruwa. Wataƙila shi ke nan maganin abin. Wataƙila kuma ba shi ke nan ba, ni ba likita ba ne, kuma ina jin tsoro.

Maganar aljihu taki ce. In kin ce in yi shiru, zan yi shiru, ko da ba zan ji daɗin barci ba. Na san abin da gidan nan yake a wurinki.

Jikanki mai ƙaunarki.

*

Zuwa ga ɗana,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka, Allah ya yi albarka, ya raya zuri'a.

Ka buɗe ƙullin takardar da ke cikin ambulan ɗin nan a hankali, kada su zube. Ƙwayoyina ne. A aljihuna na same su, ban san ranar da suka shiga ba. In an gyara akwatin zai gaya maka komai daidai ne, kada ka yarda da shi duka.

Ɗanka zai zo ranar hutu. Kai ma ka zo, ka taho da lambar likitan nan, ina da tambayoyin da zan yi masa da bakina. Ka zo da ƙaramar mota, kai kaɗai. Za ka shiga har ɗakina, akwai abin da zan nuna maka a bayan ƙofa.

Ban ce zan hau bene ba. Na ce ka zo.

Ka gaida mutanen gida.

Uwarka.